Tarihin diraya ta busar da gashi, da dalilin da ya sa take ɗaukar zafi

Yau za mu ɗan ajiye batun waya mu leƙa tarihin diraya, wadda mata ke busar da gashi da ita a gida da saloon. Idan taki tana mutuwa ana tsakiyar aiki, ko tana warin ƙuna, amsar tana cikin wannan tarihin.

A 1888 wani Bafaranshe mai gyaran gashi, Alexandre Godefroy, ya ƙirƙiro ta farko. Zama ake yi a kujera, a kifa wa mace wata hula da aka haɗa da bututun murhun gas. A 1911 Gabriel Kazanjian ya yi rajistar ta hannu a Amurka, sai wajen 1920 ta shiga kasuwa. Ta lokacin ƙarfe ce zalla, nauyinta kusan kilo 1, ƙarfinta bai wuce wat 100 ba. Tana ɗaukar zafi, tana kuma jan mutane da wuta.

Abin da ke ba da zafin kuwa ya riga ta zuwa. A 1906 Albert Marsh ya yi rajistar haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, wanda ke yin ja zur ba ya narkewa. Shi ne zaren ƙarfen nan a nannaɗe da kike hangowa ta bakin diraya. Tsarin bai canja ba har yau: zare ya yi zafi, fanka ta hura iska ta kansa. Iskar nan ita ce kuma ke sanyaya zaren, to ki riƙe wannan.

Daga shekarun 1960 roba ta maye gurbin ƙarfe, ƙarfin wuta ya yi ta ƙaruwa, yanzu har akwai mai wat 2000. Don kada robar ta narke, wasu kamfanoni suka riƙa shimfiɗa asbestos a ciki. A 1979 aka janye irin waɗannan daga kasuwar Amurka, saboda ƙurarsa na jawo cutar daji. Tun 1991 kuma sai da filogi mai yanke wuta idan ta faɗa ruwa ake sayar da ita a can.

Ta zamani tana da masu gadi biyu a ciki. Na farko ɗan ƙarfe ne da ke lanƙwashewa ya yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya huce ya dawo. Shi ya sa take mutuwa ta tashi bayan 'yan mintuna. Na biyu fis ne na zafi, shi idan ya ƙone ya ƙone ke nan.

To me za ki yi? Fara da zare filogi, ki bari ta huce. Duba ragar baya inda iska ke shiga, galibi gashi da ƙura ne suka toshe ta, balle da hunturu. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Idan ƙarar fankar ta ragu, wataƙila gashi ne ya nannaɗe sandar da ke juya ta, ko motar ta gaji. Idan ba ta tashi sam, a kai wa mai gyara ya gwada igiya, makunni da fis da mita.

Ki kuma karanta rubutun jikinta, musamman ta hannu da aka shigo da ita. Ta Amurka ta 120V ce, wutarmu kuwa 230V. Kika jona ta kai tsaye, zafin zai ninka fiye da sau uku.

'Yan uwana masu gyara, don Allah kada ku cire fis ku haɗe wurin da waya don kawai ta tashi. Ku sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Wanda ya haɗe shi ya mayar da ita irin ta 1920, a hannun mace, kusa da fuskarta, ga man gashi a kai.

Ku tura wa masu saloon da kuka sani. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa.