Yankan fili a Kano: daga Nasarawa zuwa awon igiya

Wanda rabonsa da unguwar Nasarawa ta Kano ya kai shekara arba'in, in ka sauke shi yau a Titin Sakkwato sai ya nemi mai nuna masa hanya. Inda a da gida ɗaya ne tak a tsakiyar fili, maɗaci da darbejiya sun yi masa rumfa, yanzu benaye ne biyar ko shida a jere, kowanne da katangarsa da janaretonsa da rijiyar burtsatsensa. Tsofaffin mazauna suna ta ƙorafi: an tare musu iska, maƙwabci na hango tsakar gidansu daga bene, ruwan sama ya rasa hanyar bi. Na daɗe ina aiki a ƙarƙashin safiyo, ni ke riƙe bakin tef, saboda haka kukan nan ba baƙo ba ne a kunnena. Amma ya kamata a fara tambayar yadda aka yi filayen suka yi wannan girma tun asali.

Turawa ne suka auna su, kuma don kansu. Da suka ci Kano a 1903 sai suka sauka a wajen ganuwa ta gabas, kusa da gidan sarki na Nasarawa, daga baya suka bazu zuwa Bompai. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, ta 1917 kuma, a zamanin Gwamna Lugga, ta tsara birane tare da ware wa Turawa unguwarsu. Ƙa'idar ita ce a bar yadi 440 babu gini tsakaninsu da baƙar fata, wai kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Bature ɗaya da matarsa da karensa sai su zauna a kan eka guda ko fiye, kuku da boyi suna can ɗakunan baya. Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikata da attajirai suka gaji gidajen, suka gaji har da ganin cewa haka unguwa ya kamata ta kasance.

Cikin abubuwan da suka yanka Nasarawa akwai rabon gado. Maigida ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya ashirin, babu mai ƙarfin sayen kason sauran, dole a sayar. Mai saye kuwa ba bishiya ya saya ba. Sai kuma yankan gwamnati, inda ake gutsure gefen titi ko lambu a ba wanda ake so, musamman bayan dokar filaye ta 1978 ta mayar da filin birni abin da sa hannun gwamna ke bayarwa.

Mutanen cikin birni sun riga kowa sanin yankan fili. Gida ya rabu biyu da sabuwar katanga, zaure ya zama shago, kududdufan da aka haƙa ƙasar gini daga cikinsu aka cike su da shara aka ɗora gini, ita kanta badala ba ta tsira ba. Tsarin da wani mai tsara birane, Trevallion, ya zana wa Kano na 1963 zuwa 1983 gari ya tsere masa tun wa'adinsa bai cika ba.

Wanda bai samu fulotin gwamnati ba, kuma irinsa su ne mafi yawa, sai ya koma awon igiya. Manomi ya ga gari ya cimma gonarsa, ya kira dillali. A zo da igiya da turaku, mai unguwa ya tsaya shaida, a rubuta takardar ciniki, shi ke nan. Da haka yawancin Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi da Rimin Kebe suka tashi. Na taɓa tsayawa ana awon wata gona, gero ko girbe shi ba a gama ba. Dillalin ya bar lungun da kurar ruwa kaɗai za ta iya ratsawa, don kowace ƙafa da ya bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Wani dattijo ya ce, "Malam, mota fa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, wa ke da mota a nan?" Ba a ware wurin makaranta ba, ba a ware maƙabarta ba, masallaci ma sai da wani ya sadaukar da rabin filinsa. Yau motar kwana-kwana a bakin titi take tsayawa in an yi gobara a wurin.

Ni dai ba na ganin laifin a zauna mutum sittin a inda Bature ɗaya ya zauna. Garin da ke da miliyoyin mutane ba zai iya ajiye eka guda don gida ɗaya ba. Inda masu ƙorafin Nasarawa suke da gaskiya shi ne maganar ruwa da lambatu: ana ninka gidaje, ana shafe tsakar gida da siminti, amma magudanar tana nan yadda aka gina ta don gida ɗaya, sokawe kuma na matsowa kusa da rijiyar maƙwabci. Mutanen Nasarawa suna da wanda zai rubuta musu takardar koke zuwa hukumar tsara birane ta KNUPDA, wani lokaci har a zo a shafa jan fenti a katanga. A unguwannin awon igiya kuwa ƙarar a ƙofar mai unguwa take ƙarewa, in Agusta ta matso a yi karo-karo, matasa su fito da shebur su yashe kwata.