Tarihin Medgar Evers, Tsohon Sojan da Aka Hana wa Zaɓe

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani baƙar fata na ƙasar Amurka, Medgar Evers. Ba danginmu ba ne, amma ya taka ƙasar Faransa da kakin soja kamar yadda kakanninmu suka taka ta, kuma abin da ya tarar da ya koma gida ba baƙo ba ne a kunnenmu.

An haife shi ran 2 ga Yuli 1925 a garin Decatur, cikin jihar Misisipi. Ubansa ɗan ƙaramin manomi ne, yana kuma aiki a wurin tsaga katako. A lokacin, dokar jihar ta raba baƙi da farare a lakwal, a mota, har a wurin shan ruwa. A 1943 ya shiga soja. Aka sa shi cikin rundunar baƙaƙe zalla, masu kai wa mayaƙa mai da harsashi da abinci a kamiyo bayan saukar Normandi ta 1944.

A 1946 shi da wansa Charles da waɗansu tsofaffin sojoji suka tafi jefa ƙuri'a a Decatur. Fararen gari suka tare su da bindigogi, suka kore su. Ku duba fa: mutumin da ya je ƙwato 'yancin Faransawa, ga shi an hana shi nasa a garin da aka binne cibiyarsa.

Bai yi zuciya ya bar jihar ba, ko da yake dubban 'yan'uwansa sun yi ƙaura zuwa biranen arewa. Ya shiga babbar makarantar Alcorn, ya gama a 1952. Can ya gamu da Myrlie Beasley, suka yi aure ran 24 ga Disamba 1951, suka haifi 'ya'ya 3. Na farin ya raɗa masa Darrell Kenyatta, don girmama Jomo Kenyatta na Kenya. Shi Kirista ne mai riƙo, ɗan ɗariƙar Baptis, yana ibada a majami'ar New Hope ta birnin Jackson. A majami'u irin wannan baƙaƙe kan yi taronsu a lokacin.

A 1954 ya nemi karatun shari'a a jami'ar Misisipi, aka ƙi shi saboda launin fata. A ƙarshen shekarar ya zama wakili na farko na ƙungiyar NAACP, mai neman haƙƙin baƙaƙe, a jihar. Ya bi ƙauyuka yana sa mutane su rubuta suna don zaɓe. Ya nemo shaidu a kan kisan yaron nan Emmett Till a 1955. Ya taimaki James Meredith har ya shiga jami'ar nan da ta ƙi shi, a 1962.

Ya san ana farautarsa. Gidansa ba shi da ƙofa ta gaba, sai ta gefe wajen rumfar mota. Ya koya wa yaransa dabarar soja: in sun ji harbi, su kwanta ƙasa su ja ciki zuwa makewayi. Ran 12 ga Yuni 1963, bayan tsakar dare, ya dawo daga taro. Yana fitowa daga mota aka harbe shi ta baya. Yaran suka yi yadda ya koya musu, uwar ta fito ta tarar da shi cikin jini. Ya cika a asibiti yana da shekara 37. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington da cikakkiyar girmamawa.

An kama mai kisan, Byron De La Beckwith. Sau 2 aka yi shari'a a 1964, masu yanke hukuncin duk farare, suka kasa daidaita baki, aka sake shi. Amma Myrlie ba ta saki ba. Ta adana takardun shari'ar, ta yi ta bin magana har aka sake buɗe ta. Ran 5 ga Fabrairu 1994 aka ɗaure shi rai da rai, ya mutu a tsare a 2001. Dokar da ta kare ƙuri'ar baƙaƙe kuwa ta fito tun 1965, shekara 2 bayan rasuwar Medgar.

Mu ma mun san wannan jira. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinmu da dokar 1959, ba a daidaita shi sarai da na Faransawa ba sai 2011, bayan yawancinsu sun kwanta dama. Haƙƙi ba ya ruɓewa, amma sai an sami mai riƙe da takarda da mai tuna suna. Don haka muna roƙon kowane gida da ke da tsohon soja: ku nemo littafinsa na soja da lambobinsa, ku adana, ku gaya wa yara inda ya je da abin da ya gani. Allah ya bar mu da zumunci.