Zaɓen RAM: Sanda ɗaya ko biyu?

Duk wanda ya je sayen RAM mai gigabait 16 yakan tarar da zaɓi biyu a gaban mai shago: ko dai sanda ɗaya mai 16, ko kuma sanduna biyu, kowacce mai 8.

Sau da yawa kuɗinsu kusan ɗaya ne, amma aikin da za su yi a cikin kwamfuta ya sha bamban.

RAM dai ita ce ma'adanar wucin gadi, inda kwamfuta ke baje abubuwan da take aiki da su a daidai wannan lokacin. Idan rumbun ajiya na dindindin shi ne siton ɗan kasuwa, to RAM ce teburin da ke gabansa. In teburin ya yi kaɗan, dole ya riƙa zirga-zirga zuwa sito, mai saye kuma yana tsaye yana jira.

Ba ta riƙe komai sai da wutar lantarki, shi ya sa rubutun da ba a adana ba ke salwanta da zarar an ɗauke wuta.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ne ya ƙirƙiro irin wadda ake amfani da ita, aka kuma yi masa rajistar mallakar fasahar a 1968. Wadda Intel ya fitar kasuwa a 1970 ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce haruffa 128.

Wace iri kwamfutar ke karɓa?

Kafin a kai ga batun yawan sanduna, sai an san zuriyar RAM ɗin da babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod, yake karɓa.

DDR3 ta shigo kasuwa a 2007, DDR4 a 2014, ita kuwa DDR5 an kammala ƙa'idojinta a 2020, ta fara shiga kwamfutocin jama'a a 2021.

Babu wadda ke shiga gurbin 'yar uwarta. DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duk haƙora 288 gare su, amma 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran ba a wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi, to ko sandar ko allon, ɗaya zai lalace.

Kwamfutar tafi-da-gidanka kuma gajerun sanduna take ɗauka, waɗanda ake kira SO-DIMM. Wasu ma, musamman sirara, an liƙe musu RAM ɗin a jikin allo tun daga masana'anta, ba a cirewa ba a ƙarawa. Haka lamarin yake a kwamfutocin Apple masu furosesar M1 da waɗanda suka biyo bayanta tun daga 2020.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu tsofaffin kwamfutoci. DDR3 na aiki da bolt 1.5, DDR3L kuwa da bolt 1.35. Kamanninsu ɗaya, amma kwamfutar da aka ƙera don ta biyun na iya ƙin tashi idan aka sa mata ta farko.

Game da girma, Microsoft ya ce Windows 11 na bukatar aƙalla gigabait 4, sai dai wannan na tayar da kwamfutar ne kawai. Gigabait 8 kan ɗauki rubuce-rubuce da shiga intanet, 16 ta fi kwanciyar hankali, yayin da masu tace bidiyo da zanen gine-gine kan nemi 32 ko fiye.

Hanya ɗaya da hanya biyu

Akasarin furosesoshin kwamfutocin gida da na ofis suna da hanyoyi biyu na karɓar bayanai daga RAM. Sanda ɗaya hanya ɗaya kawai take buɗewa, ɗayar kuma ta zauna a rufe.

Lissafin a bayyane yake. Sandar DDR4-3200 guda na iya tura bayanai da suka kai gigabait 25.6 a daƙiƙa ɗaya. Biyu, idan aka sa su a gurabun da suka dace, na iya kai 51.2.

Wannan ba ya nufin saurin kwamfutar zai ninka. Mai buga wasiƙa ko lissafin albashi da wuya ya lura da wani bambanci.

Inda abin ke fitowa fili shi ne a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, wadda sashen hotonta ke cikin furosesa yana aron RAM. Irin wannan kwamfuta, wadda ita ce ta fi yawa a hannun ɗalibai da ma'aikata, takan yi nauyi ƙwarai wajen zane da tace bidiyo da wasanni in sanda ɗaya gare ta.

A allon da ke da gurabu huɗu, ba a jera sandunan biyu kusa da juna. Yawancin masu ƙera allo na cewa a sa su a gurbi na biyu da na huɗu idan aka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda galibi aka yi wa alamar A2 da B2. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma kwamfutar za ta tashi lafiya ba tare da ta nuna cewa hanya ɗaya take bi ba.

Sanda ɗaya ma tana da hujjarta. Mai kwamfutar da ke da gurabu biyu kacal, idan ya cika su da 8 da 8, ranar da ya bukaci 32 sai ya cire duka biyun. Wanda ya sa 16 guda kuwa ƙari kawai zai yi.

Sai dai kamfanoni kan sauya kayan cikin sanda ba tare da sun sauya sunanta ba, don haka wadda za a sayo bayan shekara ba lallai ta zama tagwaiyar ta farko ba. Yawanci sukan yi aiki tare, wani lokaci kuma su ƙi. Dabarar ta fi dacewa da wanda ya tabbata zai yi ƙarin nan kusa.

Haɗa 8 da 16 ma yana yiwuwa. A tsarin Intel, gigabait 16 za su bi hanya biyu, ragowar 8 su bi ɗaya. Idan kuma gudunsu ya bambanta, duka za su sauko zuwa gudun wadda ta fi rauni.

Cika gurabu huɗu kuwa ba ya ƙara hanya, sai dai ya ƙara wa furosesa nauyi, musamman a DDR5. Kamfanin AMD ya bayyana cewa furosesoshinsa na Ryzen 7000, da suka fito a 2022, na tafiyar da sanduna biyu a gudun 5200, amma da huɗu sai ya koma 3600.

Gudun da ke jikin kwali

Ba kullum sanda ke yin gudun da aka rubuta mata ba. Masu tsada da yawa sai an kunna musu wani tsari a cikin BIOS, wanda Intel ke kira XMP, AMD kuma EXPO. Akasarin kwamfutocin ofis da na tafi-da-gidanka ba su da wannan zaɓi, saboda haka ƙarin kuɗin ya tafi a banza.

Kasuwa

Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ne ke ƙera mafi yawan RAM ɗin duniya.

A ƙarshen 2025 farashi ya yi tashin gwauron zabi, bayan da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa kwashe abin da masana'antun ke fitarwa. A watan Disamban shekarar ne Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da samfurinsa na Crucial ga jama'a.

A kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, da titin Beirut a Kano, akan sami sandunan da aka ciro daga kwamfutocin gwanjo. RAM ba ta saurin tsufa, don haka ta hannu ba abin gudu ba ce.

Abin lura shi ne waɗanda aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni, masu alamar RDIMM. Suna da girma da araha, amma ba sa aiki a kwamfutar gida.

Haka kuma, tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ya kamata mai kwamfutar DDR3 ya yi tunani kafin ya zuba mata kuɗi, domin akasarinsu ba sa cikin jerin waɗanda aka amince a sa musu Windows 11.

A Windows, sashen Task Manager na nuna girman RAM da gudunta da adadin gurabun da aka cika, wanda hakan ke bai wa mai saye damar dubawa tun yana shago. Manhajar MemTest86 kuma na gano sanda mai aibi, amma gwajin kan ɗauki sa'o'i, don haka sai a yi yarjejeniya da mai shago cewa zai karɓi kayansa idan gwajin ya nuna matsala.