Bankin Grameen

Bankin Grameen banki ne a ƙasar Bangladesh da ke ba talakawan karkara ƙaramin rance ba tare da jingina ba. Farfesa Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong, shi ne ya fara shi a matsayin gwaji a shekarar 1976, daga baya ya zama banki mai cin gashin kansa a watan Oktoba na 1983. Sunan ya samo asali ne daga kalmar "gram" ta harshen Bengali, wato ƙauye, don haka ma'anarsa bankin ƙauye. Hedikwatarsa tana birnin Dhaka, yana da rassa fiye da 2,500 da ke aiki a ƙauyuka sama da 80,000, kuma kusan kashi 97 cikin ɗari na masu karɓar rancensa mata ne. A 2006 aka ba bankin da Yunus lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya tare. Shi ne misalin da aka fi kawowa a duniya idan ana maganar kasuwancin da aka gina don magance wata matsala ta al'umma, kuma shi ne aka fi yin muhawara a kansa.

Asali

Yunus ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya koma gida a 1972 bayan Bangladesh ta ɓalle daga Pakistan. A 1974 yunwa mai tsanani ta afka wa ƙasar. Ya sha faɗa cewa a lokacin ne ya ga darussan da yake koyarwa a aji ba su da wata amsa ga mutanen da ke mutuwa a bayan katangar jami'a, sai ya fara shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da ita tare da ɗalibansa.

A can ya haɗu da wata mata mai saƙa kujeru da gora. Ba ta da taka 5 da za ta sayi gorar, don haka kullum sai ta karɓa a hannun wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin shi kaɗai za ta sayar wa kujerar, a farashin da ya yanka. Abin da ke shiga hannunta bayan aikin yini guda rabin taka ne. Matar ta iya sana'arta, kuma kasuwa tana son kayanta. Jarin ne kawai ba nata ba, shi ya sa amfanin guminta yake tafiya ga mai jarin. Da aka ƙidaya masu irin wannan hali a ƙauyen, sai aka samu mutum 42, kuma duk abin da suke buƙata bai wuce taka 856 ba, kimanin dalar Amurka 27 a lokacin. Yunus ya ba su rancen daga aljihunsa, suka kuma biya.

Da ya nemi bankuna su ci gaba da abin, sai suka ƙi, bisa hujjar cewa talaka ba shi da abin jingina, yawancinsu kuma ba su iya cika takarda ba. A ƙarshen 1976 Bankin Janata ya yarda ya ba da kuɗi bayan Yunus ya tsaya a matsayin mai lamuni. A 1979, da goyon bayan Babban Bankin Bangladesh, aka faɗaɗa gwajin zuwa gundumar Tangail, inda Yunus ba shi da alfarmar da yake da ita a kusa da jami'arsa. Da ya yi nasara a can ma, gwamnati ta kafa dokar da ta mayar da shi banki a 1983.

Yadda tsarin yake aiki

A tsarin farko, mai son rance sai ta haɗu da wasu huɗu da ba 'yan gida ɗaya ba, su zama ƙungiyar mutum biyar. Ƙungiyoyi kamar takwas ne ke haɗuwa su zama cibiya ɗaya. Sau ɗaya a mako ma'aikacin banki yakan zo ƙauyen, a zauna a fili, kowace ta biya kasonta a gaban kowa. Mutum biyu ake fara ba rance. Idan suka yi makonni suna biya a kan lokaci, sai a ba biyu na gaba, shugabar ƙungiya ce ta ƙarshe. Wa'adin biya shekara ɗaya ne. Ba a sa hannu a yarjejeniyar da za ta kai mutum kotu. Abin da ya maye gurbin jingina shi ne idon maƙwabta da kuma tsoron rasa rance na gaba, domin idan ɗaya ta gaza, sauran ma sai a dakatar da su. Wanda ya san adashe zai gane dabarar nan take, sai dai a adashe kuɗin na 'yan zubi ne, a nan kuwa daga banki suke zuwa, kuma da kuɗin ruwa.

Kuɗin ruwan rancen sana'a kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, ana lissafa shi a kan abin da ya rage ba a biya ba. Na gina gida kashi 8 ne, na karatu kashi 5, sannan akwai shiri na musamman ga mabarata wanda babu ruwa a cikinsa. Shirin gidajen, wanda aka fara a 1984, ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasalin gine-gine a 1989.

A 1984 kuma aka tsayar da ƙudurori 16 da mambobi ke haddacewa. A ciki akwai sa yara makaranta, shuka kayan lambu, haƙa masai, shan ruwan burtsatse ko a tafasa ruwa, ƙin aurar da ƙananan yara, da ƙin karɓa ko biyan dukiyar da iyayen amarya ke ba ango, al'adar da ke jefa iyalai da yawa cikin bashi a kudancin Asiya.

Abin da ya fi bambanta shi da sauran bankuna shi ne mallaka. Kowace mamba tana sayen hannun jari ɗaya na taka 100, ta haka masu cin bashin suka zama masu mafi yawan bankin, gwamnati ta riƙe ragowar. Kujeru tara na hukumar daraktoci na wakilan da matan ƙauye suka zaɓa ne daga cikinsu, kuma ɗaya daga cikin waɗannan mata ce ta karɓi lambar Nobel a madadin bankin a birnin Oslo. A 1995 bankin ya yanke shawarar daina karɓar kuɗin masu ba da agaji na waje, daga baya ya koma dogaro da ajiyar jama'a.

Ambaliyar 1998, wadda ta shafe makonni tana rufe da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, ta nuna raunin tsarin. Mutane da yawa suka kasa biya, wasu suka daina zuwa taro. A 2001 jaridar Wall Street Journal ta buga rahoto cewa yadda bankin ke lissafin bashin da aka makara biya yana ɓoye girman matsalar. Zuwa 2002 an sauya tsarin: aka ba wadda ta shiga matsi damar tsawaita wa'adi, aka soke asusun ƙungiya da ake cirar kashi 5 na kowane rance, aka buɗe asusun ajiya iri-iri har da na fansho.

Kamfanonin da suka fito daga gare shi

A 1997 aka ƙaddamar da Grameenphone da haɗin gwiwar kamfanin Telenor na Norway. Mace takan karɓi rance ta sayi wayar salula, mutanen ƙauye su zo su yi kira su biya. Sana'ar ta yi riba na wasu shekaru, ta ja baya da waya ta yi arha kowa ya mallaki tasa. Grameen Shakti, da aka kafa a 1996, ta sayar da na'urorin wutar sola fiye da miliyan ɗaya ga gidajen karkara a kan biya kaɗan-kaɗan. A 2006 aka kafa Grameen Danone da kamfanin Danone na Faransa, wanda ke yin kindirmo mai ƙarin sinadarai don yara a masana'antarsa ta Bogra.

Daga nan Yunus ya fayyace abin da yake kira kasuwancin al'umma: kamfani da ke sayar da kaya ya riƙe kansa ba tare da sadaka ba, mai zuba jari ya karɓi uwar kuɗinsa kawai, ribar kuma ta koma cikin aikin. Hujjarsa ita ce kuɗin sadaka sau ɗaya suke aiki, na kasuwanci kuwa suna dawowa a sake juya su. Grameenphone kansa bai shiga wannan ma'ana ba, domin kamfani ne mai raba riba.

Suka da sakamakon bincike

Yunus ya daɗe yana cewa samun rance haƙƙi ne na ɗan Adam. A wannan ɓangare bankin ya tabbatar da abu ɗaya da ba a cika jayayya a kansa ba: talaka yana biyan bashi, kuma hana shi shiga banki zaɓi ne da masu banki suka yi. Inda ake jayayya shi ne ko rancen yana fitar da mutane daga talauci.

Binciken Mark Pitt da Shahidur Khandker na 1998 ya nuna cewa rancen da aka ba mata yana ƙara abin da gida ke kashewa. Jonathan Morduch da David Roodman sun sake bin alƙaluman suka ce ba su isa a yanke wannan hukunci ba. A 2015 aka buga sakamakon gwaje-gwaje shida da aka yi a Indiya, Maroko, Bosniya, Meziko, Mongoliya da Habasha. Ba a kan Grameen aka yi su ba, amma a kan irin rancensa ne, kuma abin da suka samu shi ne wasu sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, mutane sun ƙara samun zaɓi, amma matsakaicin kuɗin shiga na gida bai tashi sosai ba. Dalili ɗaya a fili yake: ba kowa ne ɗan kasuwa ba, kuma ƙauye ɗaya yana da iyakar masu sayar da ƙwai da madara da zai iya ɗauka.

Batun mata ma ba a gama shi ba. A 1996 Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta suka gano cewa a shirye-shiryen rance na Bangladesh, mata da yawa sunansu ne kawai a takarda, kuɗin na hannun miji ko wani namiji a gida, amma ranar biya matar ake nema. Lamia Karim, a littafinta na 2011, ta nuna yadda ake amfani da kunya da mutuncin mace wajen karɓar bashi, har ƙungiya takan kwashe kayan gidan wadda ta gaza. Wato idon maƙwabtan da ya maye gurbin jingina shi ma yana da nasa farashin. Masu kare bankin kuma suna nuni da cewa matan da a da ba sa fita gida sun koyi sa hannu, sun riƙe asusu, wasu har sun tsaya zaɓen ƙananan hukumomi.

Wasu malaman addini a Bangladesh sun yi adawa da shi tun farko, saboda kuɗin ruwa da kuma fitar mata. A 1995 Islami Bank Bangladesh ya fara nasa shirin karkara bisa ƙa'idojin ciniki na Musulunci, a Pakistan kuma Dokta Amjad Saqib ya kafa Akhuwat a 2001, mai ba da rance babu ruwa, ana raba shi a masallatai.

Da tsarin ya bazu, masu neman riba zalla suka shigo. Compartamos na Meziko, wanda ruwansa ya kusa kashi 100 cikin ɗari a shekara, ya sayar da hannun jari a kasuwa a 2007, masu shi suka samu dukiya mai yawa. A 2010 rikicin bashi ya ɓarke a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda kamfanoni da dama ke ɗora wa mutum ɗaya rance, har aka riƙa danganta kashe kai da matsin masu karɓar bashi. Yunus ya soki irin waɗannan kamfanoni da cewa sun zama irin masu cin ruwan da aka kafa tsarin don a kauce musu.

Rikici da gwamnati

A 2007 Yunus ya sanar da niyyar kafa jam'iyyar siyasa, ya janye bayan 'yan watanni. A ƙarshen 2010 gidan talabijin na Norway ya nuna wani shiri da ya yi zargin an karkatar da kuɗin agaji zuwa wata ƙungiyar Grameen a 1996. Gwamnatin Norway ta ce an warware batun tun 1998, kuma ba ta ga alamar almundahana ba. Duk da haka a watan Maris na 2011 Babban Bankin Bangladesh ya sauke Yunus daga muƙamin manajan darakta, bisa hujjar ya wuce shekara 60 na ritaya. Yana da 70 a lokacin. Kotu ta tabbatar da hakan. A 2013 majalisa ta kafa sabuwar dokar bankin da ta ƙara wa gwamnati iko a kansa. A watan Janairu na 2024 wata kotun ƙwadago ta yanke wa Yunus ɗaurin wata shida a shari'ar da ta shafi Grameen Telecom, aka soke hukuncin a watan Agusta, bayan faɗuwar gwamnatin Sheikh Hasina. A ranar 8 ga wannan wata aka rantsar da shi shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya.

Tasirinsa a wasu ƙasashe

An kwaikwayi tsarin a ƙasashe da dama, har da Amurka, inda Grameen America ta fara aiki a New York a 2008. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2005 a matsayin shekarar ƙaramin rance. A Najeriya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa People's Bank a 1989 don ba ƙananan masu sana'a rance babu jingina, daga baya aka haɗe shi da bankin noma. Ƙungiyar LAPO da Godwin Ehigiamusoe ya kafa ta ɗauki tsarin ƙungiyoyi da biyan mako-mako, ta zama ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙaramin rance a ƙasar.