Tsakanin Ɗan Wasa da Sojan Gona: Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi

Gabatarwa

Ɗalibin da ke fassara daga Ingilishi zuwa Hausa yakan ci karo da wasu kalmomi da ƙamus ke ba su ma'ana kusan iri ɗaya, wato yin kamar wani. Daga ciki akwai "impersonate" da "personate" da "pretender" da "impostor" da kuma "hypocrite". Bahaushe ya raba wannan fage da kyau. Wanda ya hau dandali ya zama sarki na sa'a guda, kowa na sane, kwaikwayo yake yi. Wanda ya sa kakin da ba nasa ba ya tare hanya, sojan gona ne. Wanda ya ɓoye kamanninsa don ya cimma wata bukata ya yi shigar burtu. A Ingilishi iyakar ba ta fito fili haka ba, domin kalmomin wasa da na yaudara daga tukunya ɗaya aka kwaso su, kuma tarihi ne ya tura kowace inda take a yau.

Kalmomin da suka sauko daga dandali

A harshen Latin, "persona" na nufin fuskar aro da ɗan wasa ke ɗaurawa a dandali. Daga nan ta koma nufin rawar da yake takawa, sannan matsayin mutum a gaban shari'a, daga bisani mutumin kansa. Ta shiga Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci a wajajen ƙarni na 13 a matsayin "person". Ke nan kalmar da Bature ke kiran ɗan Adam da ita, asalinta abin rufe fuska ne. Daga wannan saiwa aka sami "personate" a ƙarshen ƙarni na 16, sai "impersonate" a ƙarni na 17.

Ita kuwa "hypocrite" daga Girkanci take, inda take nufin ɗan wasan kwaikwayo kawai, ba tare da wani zargi ba. A Linjilar Matiyu aka yi amfani da ita ga masu ibada don idon mutane, kuma da wannan ma'ana ta iso Ingila. Saboda haka fassararta munafuki ne ko mai riya, ba ɗan wasa ba. Su kansu ƴan wasan ba su tsira daga zargi ba: dokar 1572 ta sa waɗanda ba su da uban gida cikin manyan ƙasa a sahun ƴan gararamba, kuma a 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa, ba su dawo da izinin hukuma ba sai 1660.

Masu da'awar sarauta

Kalmar da ta fi kayar da masu fassara ita ce "pretender". Asalin aikatau "pretend" a Latin shi ne miƙa abu gaba, wato gabatar da da'awa, ko ta gaskiya ko ta ƙarya. Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci sun san cewa "prétendre" har yanzu tana riƙe da wannan ma'ana. A Ingilishin yau kuwa ma'anar yin kamar ita ce ta rinjaya, amma "pretender" ta tsaya a kan tsohuwar ma'ana idan ana maganar gadon sarauta.

A 1487 aka fito da wani yaro mai kimanin shekara 10, Lambert Simnel, aka ce shi ne Edward na Warwick, ɗan gidan York. Aka naɗa shi sarki a Dublin, alhali Edward na gaskiya yana tsare a Hasumiyar Landan. Bayan an karya rundunarsa a Stoke cikin watan Yuni na wannan shekara, Sarki Henry na VII ya ga cewa yaron amfani kawai aka yi da shi, sai ya tura shi madafar fada yana juya nama a kan wuta. Perkin Warbeck, ɗan garin Tournai, bai yi wannan sa'a ba. Ya ce shi ne Richard, ƙaramin ɗan Sarki Edward na IV, har sarkin Sikotilan ya karɓe shi ya aurar masa da ƴar gidan sarauta. An kama shi a 1497, aka rataye shi a 1499. Waɗannan biyu ana kiran su "pretender", ana kuma kiran su "impostor", wato sojan gona tsantsa.

Amma wanda ya fi shahara da sunan ba haka yake ba. James Stuart, wanda aka haifa a 1688, ɗan Sarki James na II ne na cikinsa. Abokan gaba sun baza jita-jitar cewa an shigo da jaririn ɗakin sarauniya ne cikin kaskon ɗumama shimfiɗa, zancen da masana tarihi suka yi watsi da shi. A wannan shekara aka tumɓuke uban, kuma a 1701 Sarki Louis na XIV na Faransa ya amince da ɗan a matsayin sarkin Ingila. Turawan Ingila suka laƙaba masa "Old Pretender", ɗansa Charles kuma, wanda aka ci da yaƙi a Culloden a 1746, "Young Pretender". Laƙabin ya yi wa gwamnati daɗi, domin yana faɗin gaskiya yana kuma ɗauke da ƙanshin ƙarya. Mai fassarar da ya rubuta sojan gona a nan ya shiga sahun masu zancen kasko bai sani ba. Abin da ya dace shi ne mai da'awar sarauta.

Mahaucin da ya sa aka yi doka

Roger Tichborne magajin wani gidan masu dukiya ne. Ya ɓace a teku a 1854 bayan jirginsa ya bar Rio de Janeiro. Mahaifiyarsa ba ta yarda ya mutu ba, ta yi ta cigiya a jaridu har Ostireliya. Sai wani mahauci a garin Wagga Wagga, mai amfani da sunan Thomas Castro, ya ce shi ne. Ya iso Landan a ƙarshen 1866, uwar kuma ta amince da shi a Paris a farkon 1867, ta yanka masa fam 1,000 a shekara.

Sauran dangi suka ƙi. Roger siriri ne, wannan kuwa ƙato. Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne, Roger a Paris ya tashi, Faransanci ne harshensa na farko, mai da'awar kuwa ba ya jin sa. Shari'ar gado ta rushe a 1872. Shari'ar laifi ta ci zama 188, ta ƙare a 1874 da hukuncin cewa shi Arthur Orton ne, ɗan wani mahauci na unguwar Wapping a Landan. An ɗaure shi shekara 14, amma a kan rantsuwar ƙarya. A wannan shekara majalisa ta yi dokar da ta mai da shiga rigar wani don cin dukiyarsa babban laifi mai zaman kansa, ta kira shi "false personation". Dokar zaɓe ta 1872 ma ta yi amfani da "personation" ga mai jefa ƙuri'a da sunan wani.

Tun daga nan "personate" ta kusa zama kalmar kotu da rumfar zaɓe kaɗai. "Impersonate" ce ta ci gaba da cin tudu biyu: da ita ake bayyana ɗan barkwancin da ke kwaikwayon muryar shugaban ƙasa, da ita kuma ake tuhumar wanda ya sa kakin ɗan sanda. Sai mai fassara ya duba ko masu kallo sun san abin da ake ciki kafin ya zaɓi kwaikwayo ko sojan gona.

Shi dai Orton an sake shi a 1884, ya rasu cikin talauci a 1898. Dangin Tichborne suka yarda aka sa sunan Roger a jikin akwatin gawarsa.