Tayi Ɗaya, Dangi Biyu: Tarihin Wata Dabara a Wasan Birij

Wasan karta da ake kira birij, wanda mutum huɗu ke yi biyu-biyu kowa na fuskantar abokinsa, bai samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, kuma mai karatu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya fi sanin dara, domin a wurinsa karta ƙanwar caca ce, cacar da dokar shari'a ta Jihar Zamfara ta haramta tun shekarar 2000. Sai dai birij ɗin gasa ya sha bamban da wannan, saboda kati iri ɗaya ake raba wa kowane tebur sannan a gwada sakamako, ta yadda sa'a ba ta da wani tasiri mai yawa, kuma a 1999 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa a 1958, a matsayin cikakkiyar hukumar wasanni.

Asalin birij wani tsohon wasan Ingila ne mai suna wist, wanda Edmond Hoyle ya rubuta ƙa'idojinsa a 1742, amma siffarsa ta yanzu ta samu ne a 1925, lokacin da attajirin Amurka Harold Vanderbilt ya gwada sabon tsarin ƙidayar maki tare da abokan tafiyarsa a cikin jirgin ruwan Finland, a tafiyar da ta ratsa mashigin Panama. Sabon tsarin ya ce abin da mutum ya yi alkawarin ci tun farko shi kaɗai za a lissafa masa wajen kammala wasa, don haka cinikin da ake yi kafin a jefa kati ko ɗaya ya zama shi ne ƙashin bayan wasan. Ana raba kati 52, kowa ya samu 13, kuma katin dangi huɗu ne, waɗanda daga ƙarami zuwa babba su ne mai ganye uku, da daimon, da zuciya, da mai kan mashi. Kamar yadda ake taya sa a kasuwar dabbobi kowane tayi ya ɗara na baya, haka 'yan wasan ke yi, mutum ya ambaci lamba daga 1 zuwa 7, wadda ke nufin zagayen da zai ci bayan shida na farko, sannan ya ambaci dangin da yake so ya zama mai yanka, wato wanda ƙaramin katinsa ke cinye babban katin sauran, ko kuwa ya ce babu yanka. Lamba bakwai sau zaɓi biyar tayi 35 ke nan, kuma in ban da wucewa da ninkawa da sake ninkawa, waɗannan su ne iyakar kalmomin da aka yarda mutum ya bayyana wa abokinsa hannunsa da su.

Ƙarancin kalmomin ya fi cutar mai riƙe da hannu mai dangi biyu, wato kati biyar ko fiye a dangi ɗaya da wasu biyar a wani, kuma rabon biyar da biyar daidai yakan zo kusan sau 1 cikin 25. A ɗauka abokin hamayya ya buɗe ciniki da zuciya 1, na hagunsa kuma yana riƙe da mashi biyar da daimon biyar. Idan ya ce mashi 1, sai ɗaya abokin hamayyar ya yi tsalle zuwa zuciya 4, to daimon ɗinsa sun mutu a ciki ke nan, alhali wataƙila abokinsa mashi ɗaya tak gare shi amma yana da daimon biyar. Da sun gano juna, da sun taya daimon 5, wanda ko an ninka sun gaza da zagaye biyu, asarar tana iya tsayawa a maki 300, maimakon 620 da abokan hamayya za su kwasa in an bar musu cinikin. A gasa irin wannan bambanci ne ke raba na ɗaya da na goma.

Maganin da masana suka samo shi ne su nemi tayin da ke zaune ba aiki, su cire masa ma'anarsa ta zahiri, su ɗora masa wata bisa yarjejeniya tsakanin abokai biyu. Alvin Roth, ɗan birnin Niyok da ya yi suna tare da abokinsa Tobias Stone, shi ya buɗe wannan ƙofa a 1948, da ya lura cewa tayin 2 babu yanka a kan buɗewar abokin hamayya, wanda a da yake nufin hannu mai ƙarfi ƙwarai da katinsa ya rabu daidai-wa-daida, ba kasafai yake zuwa ba, kuma ko ya zo akwai wata hanyar faɗarsa. Sai ya mai da shi alamar ƙananan dangi biyu, ganye da daimon, daga baya kuma yawancin 'yan wasa suka faɗaɗa shi ya zama mafi ƙanƙanta biyu cikin dangin da ba a ambata ba.

Wajen 1960 Mike Michaels na Miami ya yi irin wannan aiki da wani tayin, wato maimaita dangin da abokin hamayya ya buɗe da shi. A littattafan Ely Culbertson da Charles Goren wannan tayi na mai hannun da ya kusa cin wasa shi kaɗai ne, abin da mutum kan daɗe bai gani ba. A tsarin Michaels, in an buɗe da ganye ko daimon, maimaitawa na nufin zuciya da mashi, in kuma an buɗe da zuciya ko mashi, tana nufin ɗaya babban dangin tare da ƙarami guda da ba a fayyace ba, sai abokin ya ce 2 babu yanka don ya tambaya. Mai mashi biyar da daimon biyar na misalin baya zai ce zuciya 2 kawai, ya sauke kati goma da kalma ɗaya, ko da yake abokinsa bai san ko daimon ne ko ganye ba tukuna.

Wannan giɓi babu shi a tsarin Bafaranshe Pierre Ghestem. Mutum ne da ya zama zakaran duniya a dara irin ta Turai mai gida 100 a 1945, sannan ya ci kofin duniya na birij mai suna Bermuda da tawagar Faransa a 1956 da gasar Olamfiyad ta Turin a 1960, kuma tsarinsa ya nuna kan mai lissafi, domin tayi uku ya ware wa haɗi ukun da ke yiwuwa. A kan zuciya 1, misali, 2 babu yanka na nufin ganye da daimon, zuciya 2 na nufin mashi da ganye, ganye 3 kuwa na nufin mashi da daimon. A takarda babu abin kushewa. A tebur kuwa tayin ganye 3, wanda ke fitowa daga bakin mutumin da wataƙila ba shi da ganye ko ɗaya, ya yi ƙaurin suna wajen mantuwa, inda ko dai mai tayin ya manta ya faɗe shi da ganye na gaske, ko abokinsa ya manta ya wuce, a bar shi yana wasa da dangin da ba shi da shi, har sai an kira alƙalin gasa ya warware rikicin. Wasu tsare-tsaren, irin na Alvin Landy, inda ganye 2 a kan buɗewar 1 babu yanka ke nufin zuciya da mashi, a kan irin wannan tunani aka gina su.

Dabarar tana da tsada ta wani gefen, saboda dokar birij ta hana yarjejeniyar ɓoye, dole abokin mai tayin ya bayyana wa abokan hamayya ma'anar in sun tambaya, kuma hukumomi sun tsaurara har aka fara sa shamaki tsakanin abokai a gasar Bermuda ta 1975 don kada fuska ta ƙara wa tayi bayani. Ke nan wanda ya sanar da kati goma cikin sha uku, in cinikin ya kuɓuce masa, ya miƙa wa wanda ya ci cinikin taswirar hannunsa ne, shi ya sa ƙwararru ke guje wa tayin idan dangin biyu ba su da manyan kati.

Tsarin Ghestem ya fi na Michaels daidaito, amma na Michaels haɗe da na Roth su ne ke rubuce a takardar yarjejeniyar yawancin 'yan wasan Amurka da Ingila a yau, kuma sun cancanci wannan matsayi, domin ɗan wasan da ya shafe awa uku a tebur yana iya tuna su.