Masu Riƙe da Usur: Mataimakan Koci daga Filin Makaranta zuwa Giginya

A watan Agusta na 2016, a gasar Olamfik da aka yi a Brazil, Nijeriya ta doke Honduras da ci 3 da 2, ta dawo gida da lambar tagulla. Cikin 'yan wasan da aka rataya wa lambar akwai Shehu Abdullahi, haifaffen birnin Sakkwato, wanda bayan shekara biyu ya buga wa Super Eagles a Gasar Cin Kofin Duniya a Rasha. Jaridu sun yabi koci Samson Siasia, kuma yabon ya dace da shi. Sai dai Siasia gwani ya karɓa, ba ɗan koyo ba. Kafin yaro ya kai hannun babban koci, akwai wanda ya koya masa tare ƙwallo da cikin ƙafa, da ɗaga kai kafin ya ba da ita, da zuwa atisaye a kan lokaci. Irin wannan mutum ba ya fitowa a hoton ɗaga kofi.

Har gobe ana samun irinsa. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kware bayan la'asar, ta hanyar da ta nufi Kware da Illela, zai ga yara na taka leda a duk inda fili ya samu, ga kuma wani babba a gefe da usur a wuya, yana raba riguna, yana tsawa. Yara na ce masa koci. Ba shi da albashi, ba shi da takardar ɗauka aiki, kuma sau da yawa daga aljihunsa ake sayen ƙwallo. Aikin da yake yi kuwa tsohon aiki ne, wanda a da malaman makaranta ke yi.

Ta ƙofar makaranta ƙwallon ƙafa ta shigo ƙasar nan. A watan Maris na 1903 aka gwabza yaƙin Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. A shekarar da ta biyo baya, 1904, can a Kalaba, ɗaliban makarantar Hope Waddell suka kara da ma'aikatan wani jirgin ruwan sojan Ingila, wasan da masana ke lissafawa a matsayin na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya. Ɗaliban ne suka yi nasara. Yau babban filin wasan Sakkwato sunan Giginya yake amsawa, kuma wasan da masu cin garin suka zo da shi ake bugawa a ciki. Haka zamani yake juyawa.

A Arewa, Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ita ce ta yaye malaman da suka watsa wasannin Turawa zuwa larduna. A wancan lokaci ma ba ƙwallon ƙafa ce kan gaba ba. Akwai kurket, akwai kuma Fives, wasan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello ya shahara a Fives tun yana ɗalibi a Katsina, ya kuma dawo gida a 1931 ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato kafin a ba shi hakimcin Rabah a 1934. Shehu Shagari ma ya koyar a wannan makaranta daga baya. A tsarin makarantun kwana na zamanin, malami ba ya gama aiki da tashi daga aji. Da yamma sai ya fita fili. Akwai malamin wasanni, shi ne babba, sannan kowane gidan kwanan ɗalibai da malaminsa, kuma shi ke shirya yaran gidansa don gasar da ake yi tsakanin gidaje. Waɗannan malaman gidaje su ne mataimakan koci na farko a ƙasar Hausa, ko da yake ba wanda ya kira su da wannan suna. Sun san kowane yaro, sun san mahaifinsa, sun san shekarar da aka sa shi makaranta. A riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Daga wannan tushe aka ɗora sauran. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar Kano ta ɗauke shi a 1953, karo na farko da ya zo Arewa. Bayan samun 'yancin kai aka riƙa zaƙulo zaratan 'yan sakandare ana haɗa ƙungiyar ƙasa da ake kira Academicals. Jami'o'i suka kafa gasarsu ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, kwalejojin ilimi da na fasaha su ma suka kafa nasu daga baya. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta buɗe Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa a Legas, wato NIS, domin horar da kociyoyi. Sakkwato ba a bar ta a baya ba wajen gine-gine: kwalejin horon malamai da ake kira Shehu Shagari a yau ta samo asali a 1970, jami'ar tarayya a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988.

To, mene ne ainihin aikin mataimaki? Mai kallo daga kan benen fili zai ɗauka zama kawai yake yi a benci. Ba haka ba ne. Shi ke riga kowa zuwa fili ya jera alamomin atisaye. Shi ke ɗumama 'yan wasa, ya ware 'yan baya ya yi ta maimaita musu tsayuwar bugun kusurwa har ta zauna. Shi ake turawa ya leƙo wasan abokan karawa ya dawo da bayani: wane ne mai gudu, wane ne ba ya iya bugu da hagu, golansu yana fitowa ko maƙalewa yake a raga. Akwai mai horar da masu tsaron gida, wanda aikinsa daban ne ɗungurungum. Sannan akwai aikin da ba a rubuta shi a takarda ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Yaron da aka ajiye a benci ba ya tunkarar babban koci, wurin mataimaki yake kai kuka. Wanda ya ɓoye ciwo don kada a cire shi, mataimaki ne ke lura da ɗingishinsa. A Arewa ma har da zuwa gida a roƙi mahaifi, a yi masa alkawarin ƙwallo ba za ta hana ɗansa karatu ko salla ba. Matsayinsa kamar na gardi ne a makarantar allo: sunan malam tsangaya ke amsawa, amma gardi ne ke zaune da ƙolo yana biya masa har ya haddace.

Wanda ke shakkar amfanin wannan zama a ƙarƙashin wani, ya dubi tarihin ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17, Golden Eaglets, wadda ta ci kofin duniya sau biyar. A 1985, a China, Sebastian Brodrick ne koci, Christian Chukwu na cikin mataimakansa, Nduka Ugbade ne kyaftin, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema. A 2007, a Koriya ta Kudu, kocin shi ne Yemi Tella, malami a NIS, mutumin da ya ja ragamar yaran yana fama da ciwon daji, ya rasu makonni kaɗan bayan an kawo kofin gida. A gefensa a benci akwai Manu Garba, ɗan Gombe. Shekara shida bayan haka, a 2013, Manu Garba ne ya jagoranci ƙungiyar a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka lallasa Meziko 3 da nema a wasan ƙarshe, da su Kelechi Iheanacho da kyaftin Musa Muhammed. Mataimakansa su waye? Emmanuel Amunike da wancan Ugbade na 1985. A 2015 kuma Amunike ya karɓi ragamar, ya ci kofin a Chile, inda Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10. Daga Tella zuwa Manu, daga Manu zuwa Amunike: kofuna uku a cikin shekara takwas, kowane magaji ya fara zama a gefen wanda ya gada. Ban ga wani abu da hukumar ƙwallon ƙasar nan ta taɓa yi da ya kai wannan tsari kyau ba, kuma ban ga ta riƙe shi da muhimmancin da ya kamata ba.

A babbar ƙungiya ma labarin bai sauya ba. Jo Bonfrere mataimakin Clemens Westerhof ne kafin ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Stephen Keshi mataimakin Shuaibu Amodu ne kafin ya ci Kofin Afirka a 2013, da Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, a gefensa. Salisu Yusuf ya daɗe yana hawa da sauka a ƙungiyoyin cikin gida kafin ya zauna kusa da Gernot Rohr, ya kuma kai 'yan wasan gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018.

Amma kujerar ba ta da ƙafa huɗu. Amodu da Keshi da Joe Erico sun samo wa Nijeriya gurbin zuwa Kofin Duniya na 2002, suka zo na uku a Kofin Afirka a Mali, aka sallame su gaba ɗaya, wani ya tafi da ƙungiyar. Mataimaki ba shi ke zaɓen waɗanda za su fara wasa ba, amma ranar kora da shi ake haɗawa. Idan haka ake yi wa na Super Eagles, ina ga na ƙaramar ƙungiya?

Akwai ƙasar da ta mayar da wannan aiki sana'a sosai, wato Amurka. Wasansu daban ne da namu, ƙwallon mai tsini biyu ce, runguma ake yi a ruga da ita, amma a jami'o'i ya girma, tun karawar Rutgers da Princeton a 1869. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 100,000. Babban koci a manyan jami'o'insu yana da mataimaka wajen goma: mai tsara hari, mai tsara tsaro, da mai kula da kowane sashe na 'yan wasa. Su ne kuma ke zagaya makarantun sakandare da gidajen iyaye suna zawarcin yara. A ƙasan su akwai ɗaliban digiri na biyu da ke koyon aikin suna karatu. Daga nan Nick Saban ya fara a Kent State a 1973, ya yi ritaya a 2024 da kambun ƙasa bakwai. Kirby Smart ya yi shekara tara a ƙarƙashinsa a Alabama, ya koma Georgia a 2016, ya ci kambu biyu a jere. Tun 1996 suna da kyautar Broyles, wadda mataimaki kaɗai ake ba. Wasu daga cikin mataimakan albashinsu ya haura dala miliyan biyu a shekara. Wannan kuɗin talabijin ne, ba mu da shi, kuma ba shi ne abin kwaikwayo ba, don su ma ana korarsu rututu idan babba ya faɗi. Abin dubawa shi ne tsanin: matashi ya san inda zai sa ƙafa ta farko, ya san mataki na gaba.

Mu a nan tsanin ne ya karye. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, abin alheri ne, amma makarantun jeka-ka-dawo suka rinjayi na kwana, yammacin ɗalibi ya fita daga hannun malami. Tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, kuɗin wasanni ne farkon abin da aka yanke. Filaye da dama an gina azuzuwa a kansu. Gidajen kallon ƙwallo suka zo suka kwashe 'yan kallo zuwa Ingila da Sifaniya. Aikin malamin gida ya faɗo kan kocin unguwa, mai himma amma marar horo, wanda ba shi da rajistar da zai duba shekarun yaro.

Nan ne batun shekaru ya dawo. A 2016, shekara ɗaya bayan kofin Chile, 'yan wasa fiye da 20 a sansanin Eaglets suka faɗi gwajin ƙashi da ake tantance shekaru da shi, dab da karawa da Nijar. Maƙwabtanmu suka fitar da masu riƙe da kofin duniya daga gasar neman gurbi. Ƙwallon da ta taso daga makaranta ba ta cika shiga wannan kunya ba, domin malami ya san ranar da yaro ya shiga aji ɗaya. Ko a gasannin manyan makarantu, an daɗe ana kokawa da 'yan wasan haya da ake sa wa rigar ɗalibai, abin da ke nuna ba a horar da ɗaliban a tsawon shekara, sai gasa ta ƙarato a shiga neman mafita.

Sakkwato ta san amfanin fara horo tun yara na ƙanana, domin ta haka ta yi suna a ƙwallon hannu. Ba abin da zai hana a yi haka a ƙwallon ƙafa. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga jami'ar jiha, ga Kwalejin Shehu Shagari da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga kuma Sokoto United a Giginya. Ɗaliban da ke karanta ilimin motsa jiki a tura su aikin koyo a ƙarƙashin kociyoyin waɗannan ƙungiyoyi, a lissafa musu shi cikin sakamakonsu. Kociyoyin unguwanni, daga Ƙofar Kware zuwa Ƙofar Atiku, hukumar ƙwallon jiha ta yi musu rajista, ta ɗauki nauyin kwas ɗinsu na lasisin farko na hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ta haɗa kowannensu da makarantar da ke kusa da shi, da ɗan alawus a wata. Ma'aikatar ilimi da ta wasanni su zauna su fitar da wannan kafin a rubuta kasafin kuɗin baɗi.